Biron Mai Agogo

Talata, 4 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Auta ce ta ce in riƙa rubutawa, wai zaman shiru zai cinye ni. Ni ba gwanar rubutu ba ce, aji uku na tsaya a sakandare. Na buɗe durowar babanta na ɗauko takardun rubuta makin wasa da suka yi saura, ina rubutu a bayansu. Biron ma nasa ne. Shuɗi, murfin duk ya sha tauna.

To ga abin da ya faru. Ran Asabar ina alƙalancin wasan ƙwallon kwando na mata, zango na huɗu, saura minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Sai na ji an buge ni a bayan dunduniya, bugu mai ƙarfi kamar da itace. Na faɗi. Usur na bakina, na waiwaya in ga wadda ta yi in kore ta daga fili. Ba kowa a bayana. Wadda ta fi kusa da ni ta kai taku biyar.

Likita ya ce haka ciwon yake zuwa. Jijiyar agara ce ta yage, ba ta tsinke duka ba, kaɗan ya rage yana riƙe. Sun sa min wani takalmin roba har gwiwa, na sati shida, da sanduna biyu.

Shekara ashirin da ɗaya ina busa usur. Ko farce ban taɓa karyawa a fili ba.

Kowa ya zo sai ya ce, ya aka yi? In ce ƙaddara.

Laraba, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya ta iso da jakarta, ta ce sai na warke za ta koma gidanta. Tun daga bakin ƙofa ta fara.

"Kin gani ko? Mace ta kusa hamsin, ta sa wando tana tsere da 'ya'yan cikinta. An yi an yi ki zauna kin ƙi, ga shi an zaunar da ke."

Na ce, "Yaya, ke ko gawa kika zo gani sai kin yi mata faɗa."

Ta shiga kicin ta yi ta buga tukwane. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce albasa ce. Ta gyara min matashi ƙarƙashin ƙafar, a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Jumma'a, 7 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

Sakataren ƙungiyarmu ta alƙalai ya bugo waya. Ya yi jaje mai tsawo, irin wanda ka san akwai magana a bayansa. Maganar ita ce gwajin gudu na shekara, ran 10 ga Nuwamba. Layi biyu, mita ashirin tsakani, na'ura tana ƙara, kowace ƙara sai ƙafarka na kan layi. Mu mata sau sittin da shida. Kuma ba a shiga sai da takardar likita.

Na ce, "In ban yi ba fa?"

Ya ce, "Anti, ai kin fi ni sanin doka."

Na sani. Wanda bai yi ba lasisinsa ya faɗi, sai ya sake rajista kamar sabo. Ba a kuma yi wa wanda ya haura arba'in da biyar sabuwar rajista. Ni ina da arba'in da takwas.

Na ƙirga a kalanda. Sati tara da kwana ɗaya. Biyar daga ciki ina cikin takalmin nan.

Ya ce kada in damu, Allah yana nan. Na ce na san yana nan.

Asabar, 8 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Yanzu ake jefa ƙwallo sama a fara wasa.

Litinin, 10 ga Satumba, hantsi

Ban rubuta komai a kan mai biron nan ba. Bari in rubuta kaɗan, in ya yi yawa in daina.

Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ne mai kula da agogon wasa. Shekara sha tara yana zaune a teburin gefen fili, kujera ta biyu daga hagu, ni ina ciki ina gudu. A zauren wasan ba mai kiran sunansa, sai dai Mai Agogo, har ni ma na kama. In na busa ya tsayar da lokaci, in na sauke hannu ya sake shi. Yakan ce a gida shi ne maigida, a fili kuwa ko numfashi sai na ba shi izini. Biro kullum a bayan kunnensa na dama, alhali ba shi ne mai rubuta maki ba.

Wata bakwai ke nan. Da na koma fili mutane sun yi magana, wai na yi sauri. Ba su gane ba ne. A gida ba ya nan, ko'ina na duba ba ya nan. A zaure kuwa, muddin ban kalli teburin ba, yana nan. Wasa goma sha ɗaya na yi a haka. In na zo shaida wa tebur lambar mai laifi, bangon da ke saman kawunansu nake nuna wa yatsuna.

Ya isa haka.

Alhamis, 13 ga Satumba, bayan azahar

Auta ta kai ni asibiti a duba ƙafar. Asibitin nan ne dai, inda muka yi jinyarsa. Ɗakin likitan ƙashi a ƙasa yake, amma sai ka wuce ta gaban matakalar da ke hawa sama. Auta ta koma gefen hagu ta tare ni da jikinta, tana ba ni labarin wata tsadar atamfa da ba ta dame mu ba. Na bi ta da "ai kuwa, ai kuwa." Warin wurin bai canja ba.

Likita ya ce ana samun ci gaba. Na ce, "Likita, Nuwamba fa?" Ya ce, "Mama, bari mu ga Oktoba tukuna."

Asabar, 15 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Yaya ta ƙure rediyo da gangan. Duk da haka na san ƙarfe nawa ne.

Laraba, 19 ga Satumba, da yamma

Dogo ya zo. Shi ne abokin aikina a fili, shekara sha biyu muna busa tare. Ya sunkuya ya shigo, don ƙofarmu ta yi masa gajarta, ya tsaya yana kallon takalmin.

"Uwar ɗakina, wannan ai na masu zuwa duniyar wata ne. Yaushe tafiyar?"

Na ce, "In an samu jirgin da zai ɗauke ka ba a lanƙwasa ba, sai mu tafi tare."

Ya ba ni labarin zaure. An haɗa shi da wani wanda in ya busa sai ya kalli koci ya ga ko ransa ya ɓaci. 'Yan wasa suna tambayar Anti Usur. Wata ta ce tun da na kwanta ba a kore ta ba, har ta fara kewa.

Ya kawo min ɗan littafin dokokin bana, akwai gyare-gyare. Da zai tafi ya ce wani ɗan kallo ya ɗauki wasan ran nan a waya, ya turo masa, ko zan gani. Na ce a'a.

Na buɗe littafin bayan ya tafi. Yarensa ya fi ƙarfina, kullum haka yake. Mai Agogo ne ke karanta min duk shekara. Ya jera cokula a kan tabarma, manya masu tsaro, ƙanana masu kai hari, kwalbar gishiri ita ce ni. Ya ce, "To Alƙaliya, wannan cokalin ya ture wancan, me kika gani?" In na faɗi daidai ya ce na ci, in na kuskure ya kwantar da kwalbar gishirin ya ce an sallame ta.

Na karanta shafi ɗaya sau huɗu. Na sa shi ƙarƙashin matashi.

Lahadi, 23 ga Satumba, azahar

Ban tashi ba yau. Ba don ƙafar ba.

Talata, 2 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Akwai abin da ke cina, bari in sauke shi a nan.

Kafin in faɗi ran nan, mai lamba tara ta taso da ƙwallo za ta kwando, mai lamba huɗu ta tare ta. Suka yi karo, mai tara ta zube. Ban busa ba. Zaure ya ɗauka da ihu, kocinsu ya yi jifa da tawul. Ƙwallo ta juya ɗaya gefen, na juya zan bi ta. Shi ke nan.

Laifi ne ko ba laifi ba ne? Ina wanke fuska ina tunaninsa, ina cin abinci ina tunaninsa. In wannan ne hukuncina na ƙarshe a duniya, ina so in san ko na yi daidai. Su mai tara sun sha kashi da maki biyu.

Yaya ta ce, "Ke da ƙafarki ke rataye, lamba tara ce damuwarki? Ita tana can tana yawonta da ƙafa biyu."

Asabar, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na goge takalman fili. Na dama da na hagu.

Litinin, 15 ga Oktoba, bayan azahar

An cire takalmin roba. Da na ga ƙafar sai na ji kunya, kamar ta wani aka ara min. Ta tsotse, fatar tana saɓa, ƙwaurin kamar muciya.

Aka tura ni sashen gashin ƙashi. Mai gashin wata gajeriya ce mai baki, ta ce ta taɓa ganina a fili na kori ƙaninta.

"Anti, yau Allah ya kawo ki hannuna. A nan ni ce alƙaliya, kuma ba a ɗaukaka ƙara."

Ta faɗa min gaskiya ba ta ɓoye ba. Kafin a yi maganar gudu, sai na iya tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai, in ɗaga dunduniya in sauke, sau ashirin a jere. Ta ce in gwada. Na dafa bango, na ce wa ƙafar ta tashi. Ta ji ni sarai. Ba ta motsa ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba, da safe

Ko ɗaya.

Litinin, 22 ga Oktoba, da safe

Ɗaya da rabi. Mai gashi ta ce rabin ba ya cikin lissafi. Saura kwana sha tara.

Alhamis, 25 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na yi wauta.

Lungun bayan gidanmu, daga sandar lantarki zuwa ƙofar mai gyaran keke, mita ashirin ne cif. Mai Agogo ne ya auna da igiya shekarun baya, ya ja layi da fenti, har yanzu ana ganin alamarsa. A nan nake shirin gwaji kowace shekara, shi yana zaune a kan bokiti yana yin ƙarar na'urar da bakinsa. Tit. Tit. Har maƙwabta suka saba.

Yau da Yaya ta shiga wanka na sa takalmi na fita. Na ce sassarfa kawai, sau biyu. Zuwa na farko na kai. A dawowa wani abu ya ja ni a dunduniya kamar an soka allura mai zafi, na rungume sandar lantarkin. A haka Yaya ta same ni, da zane a ƙirji da sabulu a kunne.

Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatata, muka taho. A bakin ƙofa ta ce, "Ɗaya na binne bana. Kada ki ƙara min aiki." Mijina take nufi, ita ta yi zaman jinyar tare da ni.

Ƙafar ta kumbura. Mai gashi ta ce na mayar da kaina baya da sati guda.

Lahadi, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Dogo ya dawo. Yau ni na ce ya nuna min wayar.

Hoton yana rawa, daga saman benci aka ɗauka. Ga mai tara, ga mai huɗu, ga karon. Na ce ya mayar. Ya mayar sau biyar. Wani mai hula ya tare rabin wurin. Na ce, "Kai me ka gani?" Ya ce, "Wallahi na kalla ya fi sau ashirin. Wanda ya busa bai yi ƙarya ba, wanda ya bari ma bai yi ƙarya ba."

Sai hoton ya ci gaba, ban ce ya tsayar ba. Ga ni na juya zan gudu. Jikina ya yi gaba, kaina ya juya hagu. Wajen tebur. Ƙafata ta dama ta tsaya cak kamar an kira sunanta. Sai na faɗi.

Dogo ya kife wayar a cinyarsa. Ya ce, "Biron kika waiwaya ki gani."

Na ce, "Wane biro?"

"Haba uwar ɗakina. Shekara sha biyu ina gefenki. In kika yanke hukunci zaure ya yi ihu, sai ki saci kallon tebur. In Mai Agogo ya zare biro daga kunne ya ajiye, kin yi daidai. In ya sosa ƙeya, kin yi kuskure. Kin ɗauka ba mu sani ba? Har mai shara ya sani."

Ni da na ɗauka sirrinmu ne mu biyu. Ba mu taɓa zama mun shirya shi ba ma, haka kawai ya faro. Ba ya canja hukunci, abin da na busa na busa. Amma in ya ajiye biron nan, ko zaure zai rushe ba na jin tsoro.

Wasa goma sha ɗaya na kiyaye idona. Ran nan ihun ya yi yawa, na manta. Daƙiƙa ɗaya na manta cewa ya mutu. Na duba, sai ga wata mata mai tabarau a kujerarsa.

Ga shi na rubuta. Ya mutu. Ba wadda ta buge ni.

Dogo ya zauna har Yaya ta kawo shayi, ya sha, bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da safe

Huɗu. Ana neman ashirin.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Na kai wa likita takardar. Na sa riga mai kyau, ban ɗauki sanda ba, na shiga ina taka ƙafar kamar ba komai. Ya ce in tsaya in ɗaga. Biyar, na shida ya mutu a hanya.

Na ce, "Likita, sa hannu kawai. In ta tsinke ni ta tsinke wa."

Ya ce, "Mama, in ta tsinke gaba ɗaya, ba maganar fili ake ba, maganar zuwa banɗaki da ƙafarki ake. Ki ba ni wata huɗu."

Na ce ba ni da wata huɗu, jibi nake da shi. Na gaya masa shekaruna, na gaya masa dokar. Har na ce masa ba ni da wani wurin zuwa. Ban san zan faɗi haka ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya turo min takardar yadda na kawo ta.

A hanyar fita na tsaya a gindin matakalar nan. Na kalle ta sosai. Matakala ce kawai, goma sha huɗu. Auta ta ce, "Umma, mu je." Muka je.

Asabar, 10 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu

Na ce wa Yaya zan je kemis. Na hau mota na je zaure.

Ban shiga ba. Na zauna a kan dakalin da ke ƙarƙashin taga. Ina jin na'urar, ina jin kukan takalma a kan katako in sun juya a layi. Da aka kira rukunin mata na ƙirga tare da su. A arba'in numfashi ke fara ƙuna, a hamsin da biyar ƙafa ke roƙo. Na kai sittin da shida a zaune, ko gumi ban yi ba.

Sakatare ya fito shan iska ya gan ni. Ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "Anti, akwai maganar da muka yi a kwamiti. Matar da ke riƙe agogo malamar makaranta ce, taimako take yi, ta gaji. Tebur ba ya son gwajin gudu. Kujerar tana nan in kina so."

Na ce, "Wace kujera?"

Ya ce, "Ta biyu daga hagu."

Na ce, "Ka rasa abin da za ka ba ni sai wannan?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Mutumin kirki ne, bai cancanta ba.

Lasisina ya faɗi yau da misalin sha ɗaya da kwata.

Litinin, 12 ga Nuwamba, hantsi

Na rataye usur a ƙusar da ke bayan ƙofa, inda hularsa take. Na cire. Na mayar.

Laraba, 14 ga Nuwamba, la'asar

Ban je gashi ba. In ɗaga dunduniya in je ina?

Yaya ta tsefe min kai. Tana tsifa ta ce, "Sau ɗaya na taɓa zuwa kallonki, kin tuna? Na ce miki hayaniya ta hana ni gane komai. Ƙarya na yi. Na ga ƙanwata ta ɗaga hannu ɗaya, ƙarti goma sun tsaya cak. Na koma gida na kasa cin abinci don daɗi." Na ce me ya hana ta faɗa min tuntuni. Ta ce, "Da kanki ya fi ƙofa girma."

Jumma'a, 16 ga Nuwamba, da safe

Biron ya ƙare jiya a tsakiyar kalma. Na hura masa iska, na murza shi a tafin hannu, na goga a takalmi. Wannan fensirin Auta ne.

Laraba, 21 ga Nuwamba, bayan azahar

Na bugo wa Sakatare na ba shi haƙuri. Na ce wasa ɗaya, ran Asabar, kada ya sa sunana a ko'ina.

Ba don ina son aikin ba. Tun ran da Dogo ya nuna min hoton nake tunani: daga benci ba a ga karon ba, daga inda nake ban tabbata ba. Shi daga kujerarsa yana gani, shekara sha tara bai taɓa ruɗe ni ba. Ina so in zauna a wurin in ga abin da yake gani. In na gani, wataƙila in san abin da zai ce a kan lamba tara.

Asabar, 24 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je. Na soke mataccen biron a ɗankwali, wajen kunnen dama, ban san dalili ba.

Kujerar tana nan. Ƙafarta ɗaya gajera ce, kwalin da ya naɗe ya cusa a ƙarƙashi yana nan, ya yi baƙi. 'Yan wasa suka yi ta zuwa gaisuwa, Anti Usur, Anti Usur. Mai lamba tara ma ta zo, ta ce ya ƙafa. Ita ta manta da komai.

Malamar mai tabarau ta nuna min maɓallan, kore da ja. Ta ce, "Anti, abu ɗaya. Kada ki kalli ƙwallo. In zaure ya cika ba a jin usur. Hannun alƙali kawai za ki kalla, in ya tashi ki danna ja, in ya sauka ki danna kore. Kika ɗauke ido kin cinye musu daƙiƙa biyu."

Na san wannan. Ni da bakina na sha faɗa wa sababbin masu agogo. Ban dai taɓa haɗa shi da ɗayan abin ba.

Dogo ya jefa ƙwallo sama. Na kafa ido a hannunsa. Kuma ko na so in saci kallo, daga kujerar nan ba a ganin ƙarƙashin kwandon hagu. Koci yana tsaye a gaba, 'yan canji suna kai da kawo. Ƙafafu kawai da bayan mutane. Wasa guda cur, ban ga karo ko ɗaya ba.

Hannun Dogo na gani. A zango na biyu ya tashi tsaye kamar an harba shi, zaure ya yi ihu, ni kuwa na san daidai ne ban ga komai ba. A zango na uku ya tashi a makare, gwiwar hannun a lanƙwashe, kamar mai tambaya. Na san Dogo bai tabbata ba. Na san shi ma ya sani. Ya zo gaban tebur ya nuna lamba, ya ɗan kalle ni ta wutsiyar ido, ɗan banza. Hannuna ya kai ƙeya kafin in hana shi. Ya yi murmushi ya koma.

Daga nan har aka tashi ina danna kore da ja ina share fuska da gefen mayafi. Malamar ta ɗauka ƙafar ce, ta turo min bokiti in ɗora.

Mai Agogo, ashe ba ka taɓa ganin laifin kowa ba. Shekara sha tara ina tambayar mutumin da ba ya kallon komai a zauren nan sai hannuna. Abin da na riga na sani kake mayar min, ni kuwa in tafi ina cewa mijina ya fi kowa ido.

To na tambayi hannun nawa. Ran nan da mai tara ta zube, ya motsa. Ya taso har ƙugu, na mayar da shi. Laifi ne. Na gani, na yi jinkiri, na bari. Da kana nan da ka sosa ƙeya, mu dawo gida ka jera cokula.

Hukuncina na ƙarshe kuskure ne, kuma ba za a ba ni wani in gyara ba.

Da aka watse na zauna har mai shara ya fara kashe fitilu. Na zare biron na riƙe. Ban ajiye shi a teburin ba. Ban ci ba.

Kwalin ƙarƙashin kujerar ya lallace, tana ɗan girgiɗi. Na naɗe takardar likitan nan da ba a sa wa hannu ba, na cusa a kai. Ta zauna daidai.